Ranar Da Na Hana A Yanka Saniyata

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin duk mutanen da ke cikin labarin nan suna raye, wasu ma har yau tukunya ɗaya muke ci.

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, mace uku namiji ɗaya, irin matan nan da ake yabo da cewa ko yatsa aka sa masu a baki ba za su ciza ba. A Ketare aka haife ni, aka kai ni aure wani ƙauye a ƙasar Faskari, gidan manoma masu kiwo. A hannun uwar mijina, wadda muke kira Inna, na koyi tatsa da kwantar da kindirmo da kaɗa mai, har ta kai in na shafa hantsar saniya na san abin da za ta ba ni a ranar. Muna cikin rufin asirinmu ɓarayin daji suka kore garken gidan kaf, ko ɗan maraƙi ba su bari ba. Daga baya zaman ƙauyen ma ya gagara. Muka ɗaure 'yan komatsanmu, har da Inna, muka dawo Ƙanƙara, gidan wan mijina, wanda kowa ke kira Alhaji. Ɗan kasuwar hatsi ne, mai riƙon zumunci, kuma ba zan ɓoye alherinsa ba: ya ba mu ɗakuna, ya bar mana filin bayan gida. Mijina kuwa tun da aka kore shanun nan ya zama wani iri, bai iya zama wuri ɗaya. Bai daɗe ba ya tafi Kudu neman abin da zai rufa mana asiri, muka koma sai dai a waya.

Ana nan mahaifinmu ya rasu, aka raba gado, na sami gona. Gonar tana can bakin daji, inda ba mai zuwa noma sai wanda ya sai da ransa. Na sallama wa ƙanena ita ya biya ni, na nemi izinin mijina na ce shanu zan saya. Ya amince, a zatonsa fararen shanunmu na gida nake nufi. Ni kuwa na ji labarin wani mutum a Sabuwa da ke tashi daga gonarsa saboda halin da ake ciki, yana sai da shanun madara, irin waɗanda rabinsu jinin Turai ne rabi na gida. Ba a kai su daji kiwo, a turke suke ci. Abin da ya ja ni ke nan. A ƙasarmu duk saniyar da ta fita daji ta ɓarayi ce, ni kuwa na gaji da yi wa ɓarayi kiwo. Muka shiga motar Sabuwa ni da ƙanena, muka dawo da guda biyu. Babbar na sa mata suna Uwar-garke, ƙaramar kuma Auta, yara suna ta dariya wai garke na saniya biyu. Da Alhaji ya gan su ya girgiza kai, ya ce shi bai taɓa ganin mai hankali ya ba da ƙasa, wadda ba ta ciwo ba ta mutuwa, ya karɓi abin da ke numfashi ba. A wancan lokacin ban iya tankawa ba.

Shanun nan sun fitar da ni kunya. Abin da Uwar-garke ita kaɗai ke bayarwa da safe, sai an tatsi fararen shanu da dama kafin a tara shi. Masu shayi suka san ƙofar gidanmu, masu fura suna aiko da robobi, ranar kasuwa kindirmona bai kai azahar. Yarana suka koma makaranta, na daina jiran a miƙo mani cefane. Ni kuma na saka masu da abin da na sani: dusa, gurya, harawar wake da ta gyaɗa, da kanwa, wadda tun muna yara muke jin cewa ita ce lafiyar saniya.

Uwar-garke ta riga ta yi haihuwa da yawa wurin mai ita na farko. Da ta zo haihuwarta ta biyu a hannuna, ta sauka lafiya, ta lashe maraƙinta, hantsa kamar za ta fashe. Na tatse ta tas ina murna. Washegari da hantsi na ga tana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙaya, ƙafafun baya suna rawa, ta ƙi dusa, ta daina tuƙa. Kafin azahar ta kwanta, ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a haƙarƙarinta, ta ƙi tashi. Kunnuwanta suka yi sanyi ƙalau, hancinta ya bushe, ba kashi ba fitsari. Aka tara dattawan da suka san shanu. Wani ya ce ciwon shanun nan ne da ake kira harbin daji, wani ya ce wani abu ne ya rage a mahaifa, wani ya ce iska ce. Mutanen nan ba jahilai ba ne, cikin shanu suka tsufa, amma kowannensu ya yarda bai taɓa ganin irin wannan kwanciya ba. Aka tsai da shawara a yi mata ɗura. Inna ta jiƙa sassaƙe da kanwa aka zuba a kwalba, ni na riƙe kan saniyar da hannuwana biyu aka ɗura mata. Ta sarƙe, ruwan ya dawo ta hanci, numfashinta ya koma gurnani. Daga nan ta miƙe a gefe ɗaya, ciki ya fara kumbura. Alhaji ya ce a kira mahauci kafin ta zama mushe. Ina tsaye na toshe baki da gefen mayafi aka sa mata wuƙa, maraƙinta na ta kuka a turke.

Abin da ya fi yankan ciwo shi ne maganar da ta biyo baya. Mahaucin da ya feɗe ta ya rantse bai ga cuta ba: hanta lafiya, nama ja wur, sai ruwan ɗurar da ya tarar a huhu. To in ba cuta, me ya kayar da ita? Nan aka fara tono. Wai tun da na shiga gidan mijina ba a ga daɗi ba: shanu sun tafi, ƙauye ya watse, miji ya bar gari, yanzu ga lafiyayyar saniya ta faɗi a hannuna. Wai farar ƙafa gare ni, duk inda na taka arziki sai ya gudu. Ba wanda ya faɗa mani a ido, amma in na shiga gidan suna sai hira ta tsaya. Wata maƙwabciya ta hana ni taɓa akuyarta mai ciki, wasu masu sayen nono suka ɗauke ƙafa. Ƙauyukan da aka kore wa shanu tsakanin Faskari da Sabuwa ba su ƙirguwa, ban sani ba ko duk ƙafata ce ta zagaya su. Inna ba ta taɓa furta kalmar ba, amma ban ji ta ƙaryata ta ba. Na shanye abina, na raini maraƙin da nonon Auta.

Bayan wasu watanni aka zo rigakafin dabbobi unguwarmu. Likitan dabbobin da ya zo wani dattijo ne mai saurin magana, yana ta fama da layin awaki. Na daure na tsaya gefe na ba shi labarin Uwar-garke a gurguje. Ya dakata da allura a hannu, ya tambaye ni ko kunnuwanta sun yi sanyi, ko ta juya kai ta ɗora a gefe. Na ce ƙwarai kuwa. Ya ce in Allah Ya sa na sake ganin haka, kada in kuskura in ɗura mata komai, kada kuma in bar ta ta kwanta a gefe ɗaya, in kira shi nan take. Ya sa mani lambarsa a waya ya koma kan awakinsa. Aiki ya yi mashi yawa, bai tambaye ni abin da nake ba su ba, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

A nawa tunanin, ƙarfi ne ya ƙare wa Uwar-garke, madara ce ta zuƙe ta. Saboda haka da cikin Auta ya tsufa na ci alwashin ba za ta rasa komai ba. Na ninka mata harawa, na cika mata kwano da kanwa tana lasa yadda ta ga dama, har garin ƙashi na saya wurin masu abincin kaji ina barbaɗa mata a dusa. Ta yi ɓul-ɓul, gashinta na sheƙi, duk wanda ya gan ta sai ya ce tubarkalla. Ashe da hannuna nake haƙa mata rami.

Ta haihu cikin bazara, lokacin da zafi ke dukan mutum tun da sassafe. Haihuwarta ta uku ke nan, maraƙa mace. Washegari na sallami masu shayi na zagaya baya, sai na ga ƙafafunta suna wannan rawar da na sani. Na kira likita. Ya ce yana wani ƙauye can bayan Faskari, maganin da ake buƙata kuma ba ya tare da shi, sai ya biya inda yake ajiye. Ga hanya, wadda ba a binta sai an tambayi lafiyarta. Ya ce zai zo, amma ba zai yi mani alkawarin lokaci ba. Ya ce in tokare ta ta zauna a kan ƙirjinta, in rufe mata jiki, a riƙa juya ta daga wannan ɓari zuwa wancan. Ko da na ajiye wayar ta riga ta kwanta. Na jawo buhunan dusa da dammunan harawa na tokare ta hagu da dama.

Labari ya iske Alhaji a kasuwa. Ya shigo da dattawan nan na bara, mahauci na biye da su da wuƙaƙensa a naɗe cikin tsumma. Da lalama ya fara. Ya ce in yi haƙuri, ƙaddara ce, amma gara a tsira da nama da fata da a tashi a tutar babu. Ya ce in ta mutu mushe sai dai a ɗaura mata igiya a ja ta bayan gari a bar wa karnuka da ungulu. Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Na ce mashi likita na hanya. Ya ce likitan da ke bayan Faskari, kafin ya iso ai an gama kuka. Wani dattijo ya ce to a gwada ɗura. Na ce ba za a ɗura mata ko ruwa ba. Suka kalli juna, don ba su taɓa jin muryata ta kai haka ba. Alhaji ya yi wa mahauci alama da kai. Ban san lokacin da na zagaya na zauna a ƙasa ba, na jingina bayana da wuyanta, daidai inda wuƙar za ta sauka.

Na ce, "Alhaji, da gadon ubana na saye ta. In ta mutu mushe asarata ce, ni zan ja ta bayan gari da hannuna. Amma yau ba mai sa mata wuƙa ina numfashi."

Na ji wani daga baya yana cewa ƙasa-ƙasa ai dama abin ba na saniya ba ne, na mai ita ne. Alhaji ya ce a gidansa ba a taɓa yi mashi haka ba. Ya ciro waya ya kira mijina, ya zayyana mashi komai, ya miƙo mani. Mijina ya fara da roƙo. Ya ce in tuna wanda ya ba mu wurin kwana lokacin da ba mu da ko tabarma, in rufa mashi asiri kada in kunyata shi gaban wansa. Na ce mashi in na tashi yanka ta za a yi, kuma an ce mani akwai magani. Muryarsa ta sauya. Ya maimaita umarnin, na maimaita amsata. Sai ya ce in ban tashi daga wurin nan yanzu ba, to a bakin aurena.

Edita, ban tashi ba. Kada mai karatu ya ɗauka dabba na fifita a kan aure. Abin da ya zo mani a rai shi ne, in na tashi za a yanka ta, a feɗe, mahauci ya sake rantsuwa bai ga cuta ba. Daga wannan rana sunan mai farar ƙafa ya zauna mani har kabari, kuma ba ni kaɗai zai tsaya ba. Ina da 'ya'ya mata uku. A garin nan wa zai aiko neman auren ɗiyar mai farar ƙafa? Na miƙa wa Alhaji wayarsa, na gyara zama.

Mazan suka fita salla, mahauci kaɗai ya samu inuwar dalbejiya ya zauna. Da lokacin juya ta ya yi na rasa yadda zan yi, saniya ba akuya ba ce. Na dube shi na ce ya taimake ni don Allah. Ya ajiye wuƙaƙensa ya taso, ya ce shi ko ta tashi ko ta faɗi ba shi da asara. Da shi muka riƙa juya ta duk yinin nan. Rana ta take, ban yi azahar ba, ina tsoron in tashi in dawo in tarar da jini. Sai ga Inna ta fito daga ɗaki tana jan ƙafa, da tsohon bargonta a kafaɗa. Ta lulluɓe bayan Auta, ta taɓa kunnenta, ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sauka a hankali ta zauna a gefena, ta ce, "Tashi ki ba da farali. Ina nan." Na san ba ɗan da zai tsallake uwarsa da wuƙa.

Ba zan yi maku ƙarya ba, zuciyata ta yi rawa. Wajen la'asar idon Auta ya dushe, kanta ya yi nauyi, cikinta ya fara tasowa ta hagu, numfashi sama-sama. Dattawan sun dawo sun jeru jikin katanga. Mahauci ya matso ya ce mani a hankali, in dai ina son a ci naman, lokaci ya kusa fita. Na kira likita waya ba ta shiga. Na ɗora tafina a wuyanta ina jin jijiya na bugawa kaɗan-kaɗan, na ce mashi a ƙara jira. Ban ce haka don na tabbata za ta tashi ba. Na riga na biya abin da ya fi naman tsada, ban ga amfanin ja da baya ba.

An idar da la'asar da ɗan jimawa likita ya iso a kan babur, jikinsa duk ƙasa. Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ya taɓa kunnuwanta, ya buɗe ido, ya saurari zuciya, ya ce an makara amma za a gwada, rai na Allah ne. Ya sa na kawo ruwan ɗumi ya tsoma wata kwalba a ciki, ya nemo jijiyar wuya ya soka allura, ya ba mahauci kwalbar ya riƙe sama. A hankali maganin ke shiga, shi kuma kunnensa na kan ƙirjinta. Ya ce in aka yi gaggawa maganin da kansa zai tsai da zuciya. Can sai jikinta ya ɗauki ɓari, ta yi wata doguwar gyatsa, hancinta da ya bushe ya fara tsattsafo da raɓa. Ta ɗaga wutsiya ta yi kashi. Ban taɓa murna da kashin shanu irin ta ranar ba. Ya ƙara mata wani a ƙarƙashin fata, ya ce kowa ya ja baya, a kawo maraƙar gabanta, kada a tilasta mata. Muka yi ta jira. Rana ta yi ja sannan ta tattara ƙafafun baya ta ɗaga ƙugu, ta daɗe a kan gwiwa, ta yunƙura ta miƙe tana tangaɗi, ta miƙa wuya ta lashi ɗiyarta. Mahauci ya yi dariya ya naɗe wuƙaƙensa, ya ce yau kasuwarsa ba ta ci ba. Alhaji ya ce kwananta ne bai ƙare ba, ya shige cikin gida.

Likita ya zauna a kan turmi yana shan ruwa, ya tambaye ni abin da nake ba ta kafin ta haihu. Na lissafa mashi da alfahari, harawa, kanwa, garin ƙashi. Ya dafe kai. Ya ce akwai wani sinadari a cikin jini, kalsiyam, shi ke sa tsoka ta motsa, tun daga ƙafa har hanji har zuciya, kuma madara cike take da shi. Ranar da saniya ta haihu, daƙashi, wato nonon farko, yana kwashe shi daga jini gaba ɗaya. Amma Allah Ya yi mata rumbu, shi ne ƙasusuwanta, Ya kuma sa mata wasu 'yan ƙananan tsokoki a wuya, ba su fi ƙwayar wake ba, aikinsu gadin jini. Da sun ji sinadarin ya ragu sai su saki wani ruwa cikin jini kamar ɗan aike. Ya je wa ƙashi ya ce a buɗe rumbu, ya je wa ƙoda ya ce kada a zubar a fitsari, ƙoda kuma ta tayar da wani bitamin da ke sa hanji ya ƙara tsotsa daga abinci. Sai dai aikin yana son shiri, ba rana ɗaya yake kankama ba. Saniyar da aka cika da harawa da garin ƙashi tun kafin haihuwa, masu gadin nan ba su da abin yi, sai su sangarce. Kanwa kuma in ta yi yawa tana sauya jini, ta yadda ko ɗan aiken ya ƙwanƙwasa, ƙashi ba ya jin sallama. Ranar buƙata ta zo, ga rumbu cike, ƙofa a kulle. Ya ce fararen shanunmu ba su cika yin wannan ciwo ba don madararsu kaɗan ce, shi ya sa dattawa ba su san shi ba. Na masu yawan madara ne, musamman in sun manyanta. Zazzaɓin madara ake ce mashi, ko da yake ba zazzaɓi a ciki, sanyi ma jiki ke yi.

Na tambaye shi Uwar-garke fa. Ya ce ba zai rantse ba tun da bai gan ta ba, amma bisa abin da na faɗa, da an yi mata allurar nan da wataƙila ta tashi. Ya ce maƙogwaro ma tsoka ne, saniyar da ke cikin wannan hali ba ta iya haɗiya, duk abin da aka ɗura mata huhu yake tafiya. Duk yinin nan ban yi kuka ba sai a nan, don na tuna ni na riƙe mata kai. Da na share fuska na roƙe shi ya maimaita bayanin da ƙarfi, dattawan da ba su riga sun tafi ba su ji. Bai san dalilina ba, amma ya maimaita. Wasu suka gyaɗa kai. Wanda ya ce abin na mai saniyar ne kuwa ya kaɗe rigarsa ya fita.

Da muka je wurin malami ya ce saki ɗaya ya auku. A ɗakina na gidan Alhaji na zauna idda, ina tatsa ina kwantar da nono. Da ruwa ya sauka mijina ya dawo, kafin iddar ta cika ya ce ya mai da ni. Har yau bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba. Na je na durƙusa gaban Alhaji na nemi gafara a kan ɗaga mashi murya gaban mutane, don babba ne kuma ya ciyar da mu. Na faɗa mashi a fili cewa muryar nake neman gafara a kanta, ban da ƙin tashin. Ya ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Bayan kaka na nemi wani gida mai fili a gefen gari muka koma, ni na ce a koma. Auta ta sake haihuwa tun daga nan ba ta kwanta ba, ɗiyarta ma yanzu ana tatsarta.

Ga masu kiwon irin waɗannan shanu, musamman 'yan'uwana mata da ke tsare su a gida saboda halin da daji ke ciki, ku ji daga wadda ta gani. In cikin saniya ya tsufa, ku ɗauke kanwa, ku rage harawa, ku bar garin ƙashi, ku ba ta busasshiyar ciyawa da dusa daidai gwargwado. Gatan ku ajiye shi sai ta sauka. Kwanakin farko kada ku tatse ta tas kamar yadda na yi. Ku nemi likitan dabbobi tun tana tsaye, ku faɗa mashi abin da kuke ba ta ko bai tambaya ba. In ta kwanta da sanyin kunne, ku tokare ta, ku hana ɗura ko wa ya kawo ta, kuma kada kowa ya soka mata allurar nan da ka, don tana kisa a hannun wanda bai iya ba. So ba tare da sani ba ya ci mani saniya ɗaya, ya kusa cin ta biyu.

Ga masu laƙaba wa mace suna duk lokacin da aka rasa bayanin wata asara, ku ji tsoron Allah. Abin da ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba. Har yanzu akwai gidajen da in na shiga ake kallon ƙasa, na kuma daina damuwa, in sun ga dama su sayi nono in ba su ga dama ba akwai masu saye. Maza kuma, kalmar saki ba sanda ba ce da za a ɗaga don a kora mace daga kan dukiyarta. In ta fita daga baki ba ta komawa.

Wasu na tambayata ko saniya ta kai a tsinka igiyar aure a kanta. Igiya biyu ta rage mani, na sani, kuma abin na yi mani ciwo. Amma ba ni na tsinka ba. Ni zama kawai na yi a ƙasa kusa da abina, kuma da za a dawo da ranar nan, wurin zan sake zama.